"Jininsa Ya Yi Ƙasa": Me Ke Cikin Jini, Kuma Wane Ɓangare Ne Ke Yin Ƙasan?

A asibitocinmu babu maganar da ke ɗaga hankalin masu jinya kamar likita ya ɗago daga takardar gwaji ya ce, "Jininsa ya yi ƙasa." Nan da nan za a hau kiran 'yan uwa a waya. Wani ya fita neman malt da madarar gwangwani, wata ta aika gida a jiƙa zoɓo, ƙannen majinyacin kuma su shiga kallon juna, kowa na tunanin ko shi za a ce ya miƙa hannu. Abin da ba kasafai ake yi ba shi ne a tambayi likitan wane ɓangare na jinin ne ya yi ƙasa, kuma me ya cinye shi. Alhali amsar nan ce ke bambanta wanda ƙwayar magani ta wata 3 za ta ishe shi da wanda sai an ɗaura masa leda 2 kafin asuba. Jini tarin abubuwa ne, kowanne da inda ake ƙera shi, da aikinsa, da tsawon ransa, da irin cutar da ke yi masa ɓarna.

Ma'aikacin ɗakin gwaji yana ganin haka da idonsa kullum. Zai soki yatsa, ya ɗebi jini a wani siririn bututun gilashi, ya toshe baki ɗaya, ya sa shi a na'urar da ke wulwula shi da tsananin gudu na kamar minti 5. Idan ya ciro, jinin ya rabu, kamar yadda gasara ke kwantawa a gindin roba ruwa ya taso sama. A ƙasa akwai ja wur, kusan kashi 45 cikin 100, jajayen ƙwayoyin jini ke nan. A sama akwai ruwa mai launin rawaya-rawaya, kusan kashi 55, shi ne ruwan jini, wanda likitoci ke kira filasma. A tsakani akwai wani siririn layi fari-fari da bai kai kashi 1 ba, kuma a nan fararen ƙwayoyin jini da ƙwayoyin da ke daskarar da jini suke taruwa. Lambar nan da ake rubutawa a takarda, PCV, tsawon jan ɓangaren ce idan aka gwada shi da tsawon jinin gaba ɗaya. Namiji lafiyayye yakan samu tsakanin 40 da 50, mace kuma tsakanin 36 da 45 ko kusa da haka. Wanda aka ce nasa 18 ne, mai yiwuwa yawan abin da ke gudana a jijiyoyinsa bai ragu ba ko kaɗan. Jinin ne ya tsinke, jajayen ƙwayoyin suka yi ƙaranci.

Baligi yana ɗauke da kimanin lita 5, wato kashi 7 zuwa 8 na nauyin jikinsa, kuma ko yana kwance zuciya na zagayawa da kusan dukkansa cikin minti 1. Jariri mai kilo 3 kuwa duk jininsa bai wuce mililita 250 zuwa 300 ba. Jinin da babba zai zubar ya ɗaure da ƙyalle ya ci gaba da harkarsa, idan jariri ya zubar da shi wajen cire beli ko yanke cibiya, yana iya zama ajalinsa.

Mu fara da ruwan jinin, tunda shi ne mai yawa kuma shi aka fi mantawa da shi. Sama da kashi 90 cikin 100 na filasma ruwa ne zalla. Sauran gishiri ne, da sukari, da mai, da furotin iri-iri, da sinadaran da wata gaɓa ke aika wa wata saƙo da su irin su insulin, da kuma dattin da ake kai wa ƙoda ta tace ya fita a fitsari. Furotin ɗin da ya fi yawa a ciki sunansa albumin, hanta ce ke yin sa, kuma babban aikinsa riƙe ruwa a cikin jijiyoyi. Idan hanta ta lalace ta daina yin sa, ko ƙoda ta riƙa zubar da shi a fitsari, ko yaro ya daɗe yana fama da tamowa, ruwan sai ya tsiyaye zuwa cikin nama. Ƙafa ta kumbura, fuska ta cika, ciki ya ɗaga. Mutane sukan ga irin wannan kumburin su ce sammu ne ko sanyi, alhali sau da yawa labarin furotin ne.

Mai amai da gudawa shi ma jininsa ya yi ƙasa, amma nasa ruwan ne ya tafi, ƙwayoyin suna nan. In aka auna PCV ɗinsa ma sai a tarar ya hau, domin jinin ya yi kauri. Wannan ba ƙarin jini yake buƙata ba, ruwan gishiri da sukari yake buƙata, ko a sa masa ruwa ta jijiya idan abin ya yi nisa. Haka kuma mai azumi a watan zafi da ya miƙe ya ji jiri. Jini ne ke kwaso zafi daga cikin jiki ya kawo shi fata, gumi ya tafi da shi, kuma ruwan gumin daga jikin ake ɗibarsa. Yamma na yi ruwan ya ragu, zuciya na kokawar kai jini ƙwaƙwalwa. Buɗe baki da ruwa na gyara wannan cikin sa'o'i kaɗan.

Jajayen ƙwayoyin su ne inda zancen yake da tsawo. A cikin maikurolita 1, wato kashi 1 cikin miliyan na lita, akwai su kusan miliyan 5. Kowace faifai ce mai lotsawa a tsakiya, mai laushi, tana iya lanƙwashewa ta kurɗa ta jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta. A cikin ɓargon ƙashi ake yin su, kimanin miliyan 2 a kowace daƙiƙa, kuma kafin ƙwayar ta fito sai ta yar da cibiyarta don ta samu wurin cusa abu ɗaya: himogulobin. Tunda ba ta da cibiya ba ta iya gyara kanta, ba ta iya hayayyafa. Takan yi kwana 120 tana zagaye, ta tsufa, saifa ta kama ta ta farfasa.

Himogulobin furotin ne mai ɗauke da sinadarin ƙarfe, kuma ƙarfen ne ke damƙe iskar oksijin a huhu ya sake ta a inda nama ke buƙata. Kusan duk oksijin ɗin da ke cikin jini a kansa yake tafiya. Idan ya cika da oksijin jinin ja ne mai haske. Idan ya sauke, sai ya koma ja mai duhu. Zagayen jini daga zuciya zuwa huhu da dawowa, likitan nan Ibn Nafis, haifaffen ƙasar Sham da ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bayyana shi ƙarnuka kafin Bature William Harvey ya wallafa bayanin zagayen jini gaba ɗaya a 1628.

Launin nan yana da alaƙa da wata magana da ake yawan yi a wajen ƙaho, cewa baƙin jinin da ya fito "mataccen jini" ne da ya kwanta a ƙarƙashin fata. Ba hukuncin ƙaho nake magana a kai ba, wannan fagen malamai ne. Amma jinin da ke fitowa jini ne mai rai wanda ya sauke oksijin ɗinsa, sannan ya fara daskarewa a cikin ƙahon. Matattun ƙwayoyi ba sa kwanciya a gadon baya suna jiran wanzami, saifa da hanta ne ke kwashe su dare da rana. Abin da ya kamata mai zuwa ƙaho ya sa wa ido shi ne askar, domin ciwon hanta nau'in B da C da cuta mai karya garkuwar jiki duk ta jini suke bi. Mai ƙarancin jini kuma ba shi da rarar da zai zubar.

Himogulobin yana da wani rauni da ke kashe mutane a ƙasar nan kowace shekara. Hayaƙin janareta da na gawayi suna ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ke manne masa fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Ba ta da wari, ba ta da launi. Iyalin da suka kunna janareta a baranda suka rufe tagogi, ko suka shiga da kaskon gawayi ɗaki a daren hunturu, jininsu cikakke ne, PCV ɗinsu lafiya lau, amma wurin zaman oksijin wani ya riga ya zauna.

Idan saifa ta farfasa tsohuwar ƙwaya, jiki ba ya yar da ƙarfen, mayar da shi ɓargo yake a sake aiki da shi. Abin da ya rage shi ke zama wani sinadari rawaya mai suna bilirubin, hanta ta sarrafa shi ta tura shi hanji ta madaciya. Idan ƙwayoyin na fashewa fiye da yadda hanta za ta iya kwashewa, ko hantar ce ba ta da lafiya, ido sai ya yi rawaya. Shawara ke nan. A jarirai tana da haɗari na musamman, domin idan ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko sanƙarewar gaɓoɓi har abada. Akwai yara da yawa a Afirka ta Yamma, musamman maza, da ake haifa da ƙarancin wani sinadari mai kare jar ƙwaya da ake kira G6PD. Irin waɗannan, kafur ɗin da ake sawa cikin kayan jariri kaɗai ya isa ya farfasa musu jini. Shanya jariri a hantsi ba ya maye gurbin hasken fitilar asibiti da aka tanada don wannan.

To me ke sa jajayen ƙwayoyi su yi ƙaranci? Ko dai ɓargo ya kasa yin su, ko ana farfasa su kafin lokacinsu, ko suna zubewa ta wata kafa. Ɓargo yana kasawa idan babu kayan aiki, wato ƙarfe, da folik asid, da bitamin B12. Yana kasawa kuma idan ƙoda ta lalace, domin ƙoda ce ke aika masa sinadarin da ke ce masa ya ƙara himma, shi ya sa masu wankin ƙoda ba sa rabuwa da ƙarancin jini. Dalma ma tana toshe hanyar ƙera himogulobin, ban da ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa. Mun ga wannan a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400. Zubewa kuma ba lallai a gan ta ba: haila mai yawa, gyambon ciki, basir, tsutsar hanji mai tsotsar jini, da tsagiya da ke sa yaran da ke wanka a rafi da kududdufi fitsarin jini. Kaɗan-kaɗan, wata da watanni, ƙarfen jiki ya ƙare.

A nan ne batun zoɓo da malt ya shigo. Jan launin zoɓo ba shi da wata dangantaka da jan jini, malt da madara kuma ƙarfen da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba. Abin da ke ɗauke da ƙarfe shi ne hanta, jan nama, kifi, wake, da ganyaye irin su zogale da alayyahu, kuma na nama ya fi saurin shiga jiki. Lemon zaƙi ko gwaiba tare da abinci na taimaka wa hanji ya ɗauki ƙarfen, shayi mai kauri a kan abinci kuma yana rage shi. Wanda ƙarfensa ya riga ya ƙare, abinci kaɗai zai daɗe bai cike gurbin ba. Ƙwayar ƙarfe yake buƙata na watanni, tare da neman kafar da jinin ke bi. Ga mai ciki abin ya ninka, domin ruwan jininta na ƙaruwa da kusan rabi, ga ɗan tayi na ɗibar nasa kason. Jajayen ƙwayoyin maganin nan masu sinadarin ƙarfe da ake bayarwa a wajen awo, waɗanda mata da yawa ke ajiyewa wai suna sa jariri ya yi girma haihuwa ta yi wuya, su ne ajiyar da za ta tsaya mata ranar da za ta zubar da jini. Hawan jini kuwa wani abu ne daban, matsi ne a cikin jijiyoyi ba yawan jini ba, kuma mutum na iya haɗa shi da ƙarancin jini a lokaci guda.

Wajen farfasa ƙwayoyi babu kamar zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar na shiga cikin jar ƙwaya ta ci himogulobin, ta hayayyafa, bayan kamar sa'a 48 ta fasa ta, 'ya'yanta su faɗa wa wasu. Saifa kuma, garin share waɗanda suka kamu, tana haɗawa da lafiyayyu. Shi ya sa daga tsakiyar damina zuwa kaka ɗakunan yara a asibitoci ke cika da masu farin tafin hannu da numfashi sama-sama.

Daga wannan doguwar fafatawa da maleriya ne amosanin jini, wato sikila, ya samu gindin zama. Likita James Herrick ne ya fara bayyana ƙwayoyin masu siffar lauje a Shikago a 1910. A 1956 Vernon Ingram ya gano cewa bambancin himogulobin na S, mai jawo sikila, da na A, na lafiyayyen jini, bai wuce tubali ɗaya ba a cikin jerin tubalan furotin ɗin. Wannan guda ɗayan ya isa: idan oksijin ya ragu, himogulobin S sai ya harhaɗu ya sandare, ƙwayar ta lanƙwashe ta yi tauri, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Naman da ke gaba ya rasa oksijin, ciwon ƙashi mai sa babba kuka ya taso. Ƙwayar mai sikila kuma kwana 10 zuwa 20 kawai take yi maimakon 120, don haka ɓargo kullum a guje yake kuma bai taɓa cim ma buƙata ba.

Me ya sa abu mai wannan illa ya yaɗu har kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya ke ɗauke da AS, wato ya gaji A daga ɗaya cikin iyayensa, S daga ɗayan? Anthony Allison ya nuna a 1954, daga bincikensa a Afirka ta Gabas, cewa mai AS ya fi mai AA tsira daga maleriya mai tsanani. A ƙasar Hausa ma an bi diddigin wannan, a babban binciken maleriya da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi a Garki, cikin jihar Jigawa ta yanzu, daga 1969 zuwa 1976. A can an tarar da jarirai masu SS kusan 2 cikin 100, amma da wuya a ga mai SS cikin manyan yara, domin mafi yawansu a lokacin ba sa kai shekara 5. Yau labarin ya sauya ga wanda aka gane da wuri. Rigakafi, gidan sauro, fenisilin, folik asid, yawan shan ruwa, da maganin haidiroksiyuriya, wanda likitoci a Kano suka yi bincike mai zurfi kan yadda yake kare yara daga shanyewar ɓarin jiki, sun sa masu sikila na girma su yi karatu su yi iyali. Duk da haka ana ƙiyasta cewa jarirai kimanin 150,000 ake haifa da cutar a Najeriya duk shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi.

Lissafin gadon yana da sauƙi, amma ana yawan karkata shi. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na zama SS. Kowane ciki, ba kowane yaro na huɗu ba. Wasu ma'auratan za su haifi 5 babu mai SS, wasu 3 na farko duk da shi, domin cikin baya bai san abin da na gaba ya zo da shi ba. Akwai kuma himogulobin C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, kuma haɗuwar S da C ita ma sikila ce ko da ta fi sauƙi. A 2024 jihar Kano ta yi dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da jinotayif. A ganina dokar ta yi, sai dai gwajin da ake yi ana saura mako biyu ɗaurin aure, an kai lefe an buga kati, ya zo a makare. Wurinsa tun a makarantar sakandare ne, kafin zuciya ta kama.

Fararen ƙwayoyi ba su da yawa, 4,000 zuwa 11,000 a maikurolita, amma su ne garkuwar jiki. Mafi yawansu, masu suna niyutirofil, su ke fara isa wurin rauni su haɗiye ƙwayoyin cuta su mutu a wurin. Mugunyar da ke fita daga maruru galibi gawarwakinsu ce. Wasu, limfosayit, su ke ƙera makaman da suka dace da kowace cuta, kuma su riƙe kamanninta shekara da shekaru. A kan wannan tunawar allurar rigakafi ta dogara, kuma wani reshe nasu, CD4, shi ƙwayar cutar HIV ke bi tana kashewa. Akwai masu hawa idan mutum na da tsutsar ciki ko tsagiya. Idan ɓargo ya rikice ya riƙa fitar da fararen ƙwayoyi marasa amfani har suka danne sauran, sankarar jini ke nan, kuma ɗaya daga cikin alamunta shi ne a yi ta ƙarin jini yana komawa ƙasa. Wani abin lura: mutanen Afirka ta Yamma da yawa niyutirofil ɗinsu bai kai adadin da littattafan Turai suka rubuta ba, kuma lafiyarsu ƙalau. Gado ne, ba cuta ba.

Saura masu daskarar da jini, filatilet, 150,000 zuwa 450,000 a maikurolita. Su ba cikakkun ƙwayoyi ba ne, gutsattsarin wata babbar ƙwaya ce ta cikin ɓargo, kuma ba sa wuce kwana 10. Jijiya na yankewa za su taru su manne a bakin raunin. Daga nan wasu furotin na cikin filasma, waɗanda hanta ke yin yawancinsu, wasunsu da taimakon bitamin K, za su riƙa tayar da juna ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe, fibirinojin, ya rikiɗe ya zama zaruruwa da ke ɗaure toshiyar. Guda ɗaya ya ɓace a jerin, aikin ya tsaya. Yaron da aka yi wa kaciya jini ya ƙi tsayawa, musamman idan an taɓa ganin haka a wajen kawunnansa na ɓangaren uwa, a bincika masa cutar himofiliya, wadda uwa ke ɗauka ta bayyana a 'ya'ya maza. Daskarewar kuma idan ta faru a inda ba a so, cikin jijiyar ƙwaƙwalwa ko ta zuciya, ita ce shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya.

Manoman Gombe, Taraba, Filato da Bauchi sun san wannan ɓangaren ta hanya mai ɗaci, ta bakin kububuwa. Dafinta yana kunna jerin daskarewar gaba ɗaya a lokaci guda, har fibirinojin ɗin jiki ya ƙare ƙaf. Daga nan jini ba ya ƙara daskarewa. Dasashi ya fara zubar da jini, tsohon rauni ya buɗe, wani lokaci jinin ya zuba a ƙwaƙwalwa bayan kwanaki, mutum na ganin ya warke. Tsaga wurin cizon da reza a wannan hali buɗe wa jini ƙofa ne. Gwajin da ake yi bai buƙatar wata na'ura: a zuba jini kaɗan a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20, a karkata. Idan har yanzu yana gudu, dafin ya shiga, a sa allurar maganin dafi. Wannan gwaji ya samo asali ne daga aikin da Dakta David Warrell da abokansa suka yi a Zariya a shekarun 1970, kuma da shi ake aiki a asibitin cizon maciji na Kaltungo da ƙasashe da dama.

Rukunin jini kuma daban yake da jinotayif, ko da yake mutane na cakuɗa su. Jinotayif yana magana ne kan himogulobin da ke cikin ƙwaya, rukuni kuma kan alamomin da ke bayanta. Karl Landsteiner ne ya gano rukunan a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1901, ya samu kyautar Nobel a 1930, kuma ranar haihuwarsa, 14 ga Yuni, ita ce ranar masu ba da jini ta duniya. Mai rukunin A yana da makaman yaƙar B a filasmarsa, mai B yana da na A, mai O yana da duka biyun, mai AB ba shi da ko ɗaya. A sa wa mai O jinin A, jikinsa zai farfasa shi nan take, ƙoda ta tsaya. Kusan rabin 'yan Najeriya O ne.

Alamar "positif" ko "negatif" da ke biye da harafin ita ce Rh, kuma a nan masu negatif ba su fi kamar 1 cikin 20 ba. Muhimmancinta ya fi fitowa a wajen mata. Idan uwa negatif ce ɗan cikinta positif, jininsa na iya shiga nata wajen haihuwa ko ɓari, jikinta ya ƙera makamai a kansa. Na fari yakan tsira, na baya su ke shan wahala: shawara mai tsanani, ko mutuwa a ciki. Matan da ake cewa suna wabi, wasunsu wannan ne. Akwai allurar anti-D da ke hana hakan idan aka yi ta cikin sa'a 72 bayan haihuwa ko ɓari. Saboda irin wannan dalili ne ma ba a so miji ya zama shi ke ba matarsa jini matuƙar tana sa ran sake haihuwa, ko da rukuninsu ɗaya ne, domin 'ya'yan da za ta ɗauka alamomin jininsa za su gada.

Har yau babu masana'antar da ke ƙera jinin da za a ƙara wa mutum, daga jikin wani ake ɗibarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa idan kashi 1 cikin 100 na al'umma na bayarwa, buƙatar yau da kullum za ta biya. Ga Najeriya wannan leda sama da miliyan 2 ke nan a shekara. A 2021 an kafa hukumar kula da jini ta ƙasa da doka, amma har yanzu mafi yawan jinin da ake samu daga dangi yake fitowa bayan an riga an kwantar da majinyaci, ko daga masu sayarwa da ke zaman jira a bakin asibiti, waɗanda ke bayarwa fiye da ƙima kuma ba su da dalilin faɗin gaskiya game da lafiyarsu. Kowace leda sai an gwada ta don HIV, ciwon hanta B da C, da tunjere, sannan a haɗa ta da jinin majinyaci a ga ko sun karɓi juna. Duk wannan lokaci yake ci.

Wadda ba ta da lokacin ita ce mai jego da jini ya ɓalle mata. Zubar mililita 500 ko fiye bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya, kuma yana iya gamawa da mace cikin sa'o'i kaɗan. Ido kuma yana raina jinin da ya jiƙe zani da katifa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitocin Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, ya nuna cewa shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa, da haɗa magungunan tsayar da jini a ba ta lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya, ya rage munanan sakamako da kimanin kashi 60 cikin 100. Waɗanda suka rage, su ne masu buƙatar jinin da aka riga aka gwada yana ajiye a firji. Ana iya ajiye shi kwana 35 zuwa 42 a sanyin digiri 2 zuwa 6, in dai wuta ba ta yanke ba. Filatilet kuwa kwana 5 kawai.

Mai bayarwa, idan ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, kuma awo ya nuna jininsa ya isa, mililita 450 ake ɗiba, kimanin kashi 1 cikin 10 na abin da yake da shi. Ruwan yana dawowa cikin kwana 1 ko 2, jajayen ƙwayoyin cikin makonni kaɗan, ƙarfen ne ke ɗaukar lokaci mafi tsawo. Saboda shi ne ake cewa namiji ya jira wata 3 kafin ya sake bayarwa, mace kuma wata 4.